Faifan Da Aka Naɗa A Yini Guda: Labarin Black Sabbath

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu yi nisan kiwo, don kuwa Ingila muka nufa, birnin Birmingham, a tsakanin shekarar 1968 da 1970. Za mu bi sawun wasu samari huɗu, 'ya'yan talakawa, mu ga yadda suka yi faifansu na farko, tun daga inda sautin ya samo asali har ranar da aka baza shi a kasuwa.

Kiɗan da za mu yi magana a kai ba irin wanda kunnenmu ya saba da shi ba ne. Turawa na kiransa heavy metal. Gita mai aiki da lantarki ake ƙure wa murya har sautinta ya yi kauri ya fara gurnani, a haɗa da ganguna da ake duka ba sassauci, shi kuma mawaƙi ya ɗaga murya ya haye kansu duka. Wanda ya fara jin sa, sau da yawa cewa yake yi hayaniya ce kawai. To, ban zo in sa ku so shi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne aikin, wato yadda ake haɗa faifai, wa ke yin me, kuma wa ke da ta cewa a kan abin da ya fito. Masana tarihin kiɗa da dama na ɗaukar faifan farko na ƙungiyar Black Sabbath a matsayin mafarin wannan salo baki ɗaya, kuma a yini guda aka naɗe shi. Don ku gane girman maganar, ƙungiyar Metallica ta Amurka ta kwashe kusan wata 9 a sutudiyo kafin ta kammala shahararren faifanta na 1991, aka kashe abin da ya kai dala miliyan 1. Su kuwa waɗannan samari sun shiga da safe, dare na yi sun tattara kayansu.

Masu kallon ƙwallon Ingila sun san Aston Villa. To, Aston sunan unguwa ne a Birmingham, kuma nan ne duk su huɗun suka tashi: Tony Iommi mai gita, Geezer Butler mai gitar bes, wato mai kaurin murya, Bill Ward mai ganguna, sai Ozzy Osbourne mai waƙa. Uku daga cikinsu haihuwar 1948 ne, Butler kuma 1949. Unguwa ce ta ma'aikatan masana'antu, gidaje ƙanana a manne da juna, ga kangwaye da bama-baman Jamus suka bari tun Yaƙin Duniya na Biyu. Yaro ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, washegari ya nemi aiki a masana'anta. Ozzy ya yi aiki a mahauta, ya yi aikin gwada ham ɗin mota a wani kamfani, ya kuma taɓa kwana a gidan yarin Winson Green na 'yan makonni saboda sata. Butler ne mai ɗan karatu a cikinsu, yana koyon aikin akanta. A filin ƙwallon unguwar tasu, Villa Park, suka yi wasansu na bankwana ranar 5 ga Yulin 2025, Ozzy yana waƙa daga zaune saboda ciwo, ya kuma mutu ranar 22 ga wannan wata yana da shekara 76.

Amma labarin sautin nasu ya fara ne daga hannun Iommi, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Yana ɗan shekara 17, Iommi na aiki a wata masana'antar farantan ƙarfe. Ya riga ya ba da sanarwar barin aiki, don ya samu wata ƙungiyar makaɗa da za ta tafi da shi Jamus. A ranarsa ta ƙarshe, kamar yadda ya ba da labari da kansa, ya koma gida cin abincin rana ya ce shi ba zai koma ba, mahaifiyarsa ta ce a'a, ya je ya ƙarasa yininsa kamar kowa. Da ya koma aka ɗora shi kan wani injin datse ƙarfe da bai saba da shi ba, domin mai kula da injin ba ta zo ba. Injin ya sauko masa a hannun dama, ya cire kan yatsansa na tsakiya da na kusa da ƙaramin yatsa. Ga shi kuma Iommi bahago ne, wato da hagu yake kaɗawa, hannun daman nan shi ne mai danne tsirkiya a wuyan gita. Likitoci suka ce masa ya manta da kiɗa.

Shugabansa na wurin aiki ne ya zo duba shi da wani faifai, ya matsa masa sai ya saurara. Faifan Django Reinhardt ne, wani gwanin gita da ya yi suna a Faransa, wanda gobara ta nakasa masa yatsu biyu a 1928, ya ci gaba da kiɗa da sauran biyun. Iommi ya ji, ya koma kan gitarsa. Sai dai duk lokacin da guntun yatsan ya taɓa tsirkiyar ƙarfe, zafin ba ya jurewa. Ku ji dabarar da ya yi. Ya samo robar sabulun wanke kwanoni, ya narka ta, ya dunƙule ta ƙwallo biyu. Ya ɗauki ƙarfe mai zafi ya huda kowanne har yatsa ya iya shiga. Ya zauna yana gogewa da sanfefa har suka koma siffar kan yatsa. Da ya gwada, roba ta riƙa zamewa a kan tsirkiya, sai ya yanko fata daga wata tsohuwar rigarsa ya manna a kai. Da irin waɗannan hulunan yatsu ya yi kiɗa duk tsawon rayuwarsa.

Abin ya sauya yadda yake kiɗa gaba ɗaya. Ba ya jin tsirkiyar a fatarsa, don haka da kunne yake aiki, kuma yakan danne da ƙarfi fiye da kima. Tsirkiyoyin gita na wancan zamani masu kauri ne, suna masa wuyar lanƙwasawa, ya je wurin masu yin su suka ce ba a yin sirara, sai ya riƙa ɗauko na wani abin kiɗa da ake kira banjo yana haɗawa da nasa. Haɗin sauti mai buƙatar yatsu huɗu ya gagare shi, sai ya koma ga mai sauƙi, sauti biyu kawai a lokaci guda, ya cike giɓin da ƙarar na'ura. Wannan gajeren kiɗa mai nauyi da ake maimaitawa, shi ne ƙashin bayan heavy metal har yau. Akwai wata magana da ake yawan yaɗawa, wai saboda yatsun ne ya sassauta tsirkiyoyinsa sautin ya yi ƙasa tun a faifan farko. Ya yi hakan, amma sai a faifansu na uku, Master of Reality, na 1971. Nauyin da ke cikin na farko daga hannu ya fito da kuma yadda gita da bes ke tafiya tare.

A 1968 suka haɗu. Ozzy ya manna takarda a wani shagon kayan kiɗa yana neman ƙungiya, ya ƙara da cewa yana da lasifikarsa ta kansa, wadda mahaifinsa ya saya masa. A lokacin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Iommi da Ward suka bi adireshin, ƙofa na buɗewa Iommi ya ga ashe yaron nan ne da suka yi makaranta ɗaya, wanda bai taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Ya so ya juya, Ward ya lallashe shi. Suka fara da sunan Polka Tulk, suka koma Earth, suna kiɗan bulus irin na baƙaƙen fatar Amurka, kamar yadda samarin Ingila da yawa ke yi a lokacin. A ƙarshen shekarar Iommi ya bar su na ɗan lokaci ya shiga ƙungiyar Jethro Tull, wadda ta riga ta fara suna. Bai daɗe ba ya dawo, amma ya dawo da wani abu: ya ga yadda can ake fara atisaye da sassafe kamar aikin ofis, ba wasa. Ya ce wa abokansa daga yau haka za a yi.

Wani mutum mai suna Jim Simpson, wanda ke shirya daren kiɗa a saman wata mashaya da ake kira The Crown a tsakiyar Birmingham, shi ya zama manajansu. Ya riƙa tura su ƙasashen waje, kulob ɗin Star-Club na Hamburg a Jamus, inda The Beatles ma suka taɓa zama, da kuma Zurich a Suwizalan. Kada ku ɗauka yawon shaƙatawa ne. A dare guda sai su hau dandamali sau da yawa, wani lokaci har sau 7, kowane hawa minti 45, a gaban 'yan tsirarun mutane da ba su damu da su ba, kuɗin kuma da ƙyar ya ishe su abinci. Waƙoƙinsu ba su kai su cike wannan lokaci ba, don haka sai su ja waƙa ɗaya ta yi tsawo, mai gita ya yi ta lalube, mai ganga ya bi shi, in wani abu mai daɗi ya faɗo a riƙe shi, gobe a sake. A ganina nan ne aka yi faifan da gaske. Abin da ya faru a sutudiyo daga baya kamar kwashe tuwo ne, tuƙin an riga an yi shi a Hamburg da Zurich.

Sunan Earth ya jawo musu matsala, domin akwai wata ƙungiya mai wannan suna da ke kiɗan rawa mai taushi, har aka taɓa gayyatar su wani taro bisa kuskure, mutane cikin kwat da manyan riguna suka sha mamaki. A watan Agustan 1969 suka ɗauki sabon suna, Black Sabbath, daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963, wanda ɗan Italiya Mario Bava ya shirya, Boris Karloff ya fito a ciki. Tunaninsu mai sauƙi ne. Sun lura mutane na bin layi suna biyan kuɗi a silima don a tsorata su, suka ce to me zai hana a yi kiɗa mai tsoratarwa?

Waƙar da ta buɗe faifan, wadda ita ma sunanta Black Sabbath, sauti uku kacal aka gina ta a kai, ana kaɗa su a hankali kamar mai tafiya cikin duhu. Sirrin yana cikin tazarar da ke tsakanin biyu daga cikinsu. A ma'aunin kiɗan Turai akwai tazarar da kunne ke ji ya natsu, akwai kuma wadda in an kaɗa ta sai ka ji kamar an bar magana a rataye. Wannan da Iommi ya ɗauko ita ce ta fi kowacce rashin natsuwa, domin tana raba ma'aunin gida biyu daidai, ba ta karkata ko'ina ba. Malaman kiɗan coci na zamanin da suna koya wa almajiransu su kauce mata, har daga baya aka yi mata laƙabi da shaiɗanin cikin kiɗa. Za ku ji ana cewa wai coci ta haramta ta, har ana hukunta mai kaɗa ta. Wannan ƙari ne irin na masu ba da labari, ƙa'idar koyarwa ce kawai. Kuma ba daga wani littafin tsafi suka samo ta ba. Butler ne ke wasa da bes ɗinsa yana kwaikwayon wani kiɗa na Gustav Holst, Baturen Ingila, ɓangaren da ya yi wa duniyar Mars a cikin aikinsa The Planets. Iommi ya ji, ya kwana da abin, ya dawo da nasa.

(Gajeren kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna labarin yadda ƙungiyar Black Sabbath ta Ingila ta yi faifanta na farko ne.

Simpson ya yi ta yawo da kaset ɗin gwaji a Landan, kamfanoni suna juya masa baya ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe aka samu ɗan kuɗin da zai biya sutudiyo na kwana biyu, ɗaya na naɗa, ɗaya na tacewa. Sutudiyon shi ne Regent Sound a Landan, ƙaramin ɗaki, a ƙarshe-ƙarshen 1969. Furodusan shi ne Rodger Bain, injiniyan sauti kuma Tom Allom, dukkansu matasa.

Na san a cikin masu sauraronmu akwai masu aikin sutudiyo, waɗanda a yau kwamfuta ke ba su layin sauti iya son ransu, a ɗauki murya baiti-baiti, a gyara inda ta kauce, a goge a sake sau ɗari. A Regent Sound na'urar tef ce mai layi 4. Ma'ana, duk abin da mutum huɗu za su yi, ganguna da kuge-kugensu, bes, gita, murya, dole a cusa shi cikin waɗannan layuka, kuma abin da aka riga aka haɗa a layi ɗaya ba ya sake rabuwa. In ganga ta danne bes tun wurin ɗauka, shi ke nan, haka za ta tafi. Don haka suka yi abin da suka iya. Suka jera kayansu kamar a dandamali, aka kafa makirufo, aka sa Ozzy a wani ɗan ƙaramin ɗaki na gefe don kada ƙarar kiɗa ta shiga makirufonsa, suka buga waƙoƙin daga farko zuwa ƙarshe, shi kuma yana rerawa a lokaci guda. Yawancin waƙoƙin sau ɗaya ko biyu aka ɗauka. Ƙarin da aka yi kaɗan ne, a wasu wurare Iommi ya sake ɗora gita ta biyu a kan ta farko. Awa 12 ko kusa da haka, an gama.

Ko a cikin wannan ɗan lokaci sai da tsautsayi ya gifta. Gitar da Iommi ya fi so, farar Fender Stratocaster wadda ya ɓata lokaci yana gyarawa don ta dace da yatsunsa, ta yi waƙa ɗaya sai abin ɗaukar sautinta ya mutu. Babu lokacin neman mai gyara. Ya ɗauko ta ajiya, Gibson SG, wadda bai cika amfani da ita ba, ya ƙarasa aikin. Muryar SG ta fi kauri, kuma tun daga ranar ita ce ta zama gitarsa, har ba a iya tuna shi da wata.

Yabon da ya kamata a yi wa Bain shi ne bai yi katsalandan ba. Injiniyoyi da yawa na lokacin in suka ji bes na gurnani sai su ce na'ura ta lalace, a rage. Shi ya bar shi yadda yake. Amma ya sa hannu inda ya dace. A waƙar ƙarshe, Warning, wadda aro ce daga ƙungiyar Aynsley Dunbar, Iommi ya saki gita ya yi ta tafiya kamar yadda ya saba a Hamburg, Bain ya sa almakashi ya datse babban ɓangare, duk da haka ta haura minti 10. Dole ce ta sa, domin faifan garmaho fuska biyu gare shi, kowace fuska kuma ba ta ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 20 ba tare da sauti ya raunana ba. Waƙoƙi 7 ne a bugun Ingila, jimillarsu minti 38 da 'yan kai.

Washegari, ranar tacewa, makaɗan ba sa nan. Sun kama hanyar Suwizalan, akwai wasa da aka yi alkawari, kuma kuɗinsa ne na hannu. Saboda haka abin da kowa ya fara ji in ya ɗora faifan, wato ruwan sama da tsawa da ƙararrawar coci tana bugawa daga nesa kafin gita ta faɗo, ba su suka sa ba. A bayansu aka ƙara, kuma su ma sai daga baya suka ji. Sun yi sa'a abin ya yi kyau.

Daga nan faifai ya bar hannun makaɗa ya koma hannun kamfani, kuma wannan shi ne ɓangaren da na fi so matasa masu sha'awar waƙa su buɗe kunne. Kamfanin shi ne Vertigo, sabon reshe da Philips ya buɗe a 1969 don irin kiɗan da manya ba sa ganewa. Kafin faifan, a watan Janairun 1970, an fitar musu da waƙa guda, Evil Woman, aro daga wata ƙungiyar Amurka mai suna Crow. Su ba su so ta ba, an ce musu ita ce za ta shiga rediyo. Ba ta je ko'ina ba.

Kamfani ne ya zaɓi ranar fitowa: Juma'a, 13 ga Fabrairun 1970. A camfin Turawa in Juma'a ta faɗo ranar 13 ga wata, ranar rashin sa'a ce, kuma da gangan aka zaɓe ta. Kamfani ne ya ɗauki mai hoto, Keith Macmillan, wanda ya je wani tsohon gidan niƙa da ruwa ke juyawa a Mapledurham, bakin kogin Thames, ya tsayar da wata mata cikin baƙin mayafi a tsakiyar ciyayi. Ya yi amfani da wani fim na musamman mai sauya launi, ganye ya koma ja-ja, fuskar matar ta yi fari fat. Ba fuskar ko ɗaya daga cikin makaɗan a bangon. In ka buɗe ciki kuma, sai ga gicciye a kife. A wurin Kiristoci da yawa wannan alama ce ta masu bautar shaiɗan, kuma makaɗan sun sha nanata cewa ba a tambaye su ba, a shago suka gani kamar kowa.

Tambarin nan ya bi su shekara da shekaru. Masu tsafi suka riƙa zuwa musu da gayyata, malaman coci suka riƙa wa'azi a kansu, ana kuma rikita su da wata ƙungiya, Black Widow, wadda ita da gaske take wasan tsafi a dandamali. Alhali Butler, wanda shi ke rubuta yawancin baitocin, a gidan 'yan Katolika 'yan asalin Ailan ya tashi, kuma waƙar da ta buɗe faifan labarin mutum ne da ya ga abin tsoro yana neman Allah ya cece shi. Mahaifin Ozzy, wanda maƙerin kayan aiki ne a masana'anta, shi ya ƙera musu gicciyen ƙarfe suka riƙa ratayawa a wuya. Ban ce waliyyai ba ne. Sun yi wasa da wuta don a kalle su, suna kuma cin ribar tsoron da ake ji, sannan giya da ƙwaya sun yi musu ɓarna ƙwarai, har ta kai ga an kori Ozzy daga ƙungiyar a 1979. Amma hoton da duniya ta fara sanin su da shi, a ofishin talla aka zana shi.

Masu sharhin kiɗa ba su yi musu da daɗi ba. Lester Bangs na mujallar Rolling Stone ya ce kwaikwayon ƙungiyar Cream ne, kuma mummunan kwaikwayo. Gidajen rediyo kuwa, in ban da John Peel na BBC wanda ya ba su fili a shirinsa tun a watan Nuwamban 1969, kusan kowa ya kauce musu. Sai ga faifai ya hau zuwa lamba 8 a jerin cinikin Birtaniya. Su waye suka saya? Samarin nan ne na garuruwan arewacin Ingila da tsakiyarta, waɗanda suka gan su a ƙananan kulob-kulob, 'ya'yan masana'antu irinsu, da ba su ga rayuwarsu a waƙoƙin furanni da soyayya na lokacin ba. A watan Yuni kamfanin Warner Bros ya fitar da shi a Amurka, ya kai lamba 23, ya kuma zauna a jerin fiye da shekara guda. Ita mujallar Rolling Stone, a 2017, da ta jera faya-fayan heavy metal 100 da suka fi fice, wannan faifai ta sa a lamba 5.

Na ɗaya a wannan jeri ma nasu ne, Paranoid, kuma wata huɗu kacal bayan fitowar na farko suka koma Regent Sound suka naɗe shi cikin 'yan kwanaki, tare da Bain. Sun gama sai aka ce musu da sauran gurbin kimanin minti 3 a faifan. Iommi ya zauna ya fito da wani kiɗa mai sauri, Butler ya rubuta baitoci, Ozzy ya rera yana karantawa daga takarda, abin bai kai awa guda ba. Wannan cikon gurbi, waƙar Paranoid, shi ya kai lamba 4 a Birtaniya, ya zama waƙarsu da aka fi sani. Su sun so a kira faifan War Pigs, sunan waƙarsu ta sukar masu tura 'ya'yan talakawa yaƙi, a daidai lokacin da Amurka ke tsundum a Vietnam. Kamfani ya sauya sunan, amma an riga an ɗauki hoton bango, shi ya sa har yau za ka ga wani mutum da takobi da garkuwa a faifan da sunansa ba shi da alaƙa da yaƙi. Ya fito a watan Satumban 1970 ya hau lamba 1.

To ina kuɗin? A wannan shekarar suka rabu da Simpson suka koma hannun wani manaja, Patrick Meehan, wanda ya buɗe musu ƙofar Amurka. Sun sa hannu a takardu ba tare da lauyansu ya duba ba. Yadda suka bayyana zaman daga baya shi ne, in ɗayansu na son mota ko gida sai ya buga waya ofis, a kawo masa, amma ba wanda ya taɓa ganin lissafin abin da ya shigo. Da suka farga suka nemi raba gari, sai shari'a ta ɓarke, suka tarar abubuwa da yawa da suke ɗauka nasu ne ba da sunansu aka rubuta ba. Faifansu na shida, Sabotage, wanda ya fito a 1975, sun yi shi ne da rana suna ofishin lauyoyi, da dare suna sutudiyo, har cikin ɗakin naɗa ake biyo su da sammaci. Wannan karon watanni suka kwashe kafin su gama, kuma waƙar da ta rufe faifan, The Writ, a kan takardar sammacin aka yi ta.



(Kiɗan rufe shiri)